Mutumin da Ba Shi da Kunya

A bakin injin niƙa aka fara yi masa wannan ba'ar, kuma yayansa ne ya fara, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar ya zo da rabin buhun masara a bayan keke, masarar da kowa ya san a kasuwa ya auno ta, ya jingine keken ya bi layi. Yaya yana kan benci tare da sauran manoma, gari ya yi musu fari-fari a gira, ana hirar damina. Sai wani baƙo da ya kawo niƙa ya nuna shi da haɓa, ya tambaya ko wannan dogon ma manomi ne.

"Manomi ne mana," in ji Yaya. "Ciyawa yake nomawa. Mu muna kashe ta, shi yana shuka ta yana lallashinta. Ƙanena ne, amma gaskiya sai a faɗe ta. Duk garin nan shi kaɗai ne mutumin da ba shi da kunya ko guda ɗaya."

Baƙon ya zaro ido. Sai da aka sha dariya har mai injin ya leƙo, sannan wani ya fahimtar da shi cewa kunyar gona ake nufi, wadda garma take tayarwa a bi ta da shuka. Mai Ciyawa, don da wannan sunan aka san shi tun daga lokacin, shi ma ya yi dariyar, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a cikin mutane. Ya karɓi garinsa ya ɗaure a keke, ya tura shi har gida bai hau ba.

Abin haushin shi ne, in kunya ta gaske ake nema, wadda take sa mutum ya sunkuyar da kai, to shi ya kwashe ta gidansu duka, bai rage wa Yaya ko ta gaisuwa ba. Dogo ne siriri, mai tafiya da hannu a baya da tsinken ciyawa a baki. Ba ya iya cin abinci a gaban baƙo. In aka yabe shi gumi yake yi, in aka zage shi ya ba da haƙuri. Irin mutanen nan ne da maganar da aka yaɓa musu da wasa take bin su har makwanci, alhali wanda ya faɗe ta ya manta tun kafin ya tashi daga benci. Yaya kuwa bai manta ba. Ya ga ba'ar ta karɓu, sai ya riƙe ta fiye da shekara talatin, duk baƙon da ya zo sai an maimaita masa.

Ba shi ya zaɓi ciyawa ba. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, Yaya ya ɗauki shimfiɗaɗɗiyar gonar bakin titi, shi kuma aka bar masa gangaren bayan gari wanda ya sauka har rafi, rabinsa tsakuwa. Bai yi gardama ba, don bai iya ba. Ya yi damina biyu yana shuka masara a wurin, ruwa yana kwashe ƙasa da iri da taki yana kai wa rafi kyauta. A ta ukun ya yi aure.

Matar ta zo gidansa da akwati ɗaya da jar karsana wadda kakarta ta ba ta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kuma ba ta cika magana sau biyu ba. Ta bi shi gangaren sau ɗaya, ta duba kwazazzaban da ruwa ya haƙa, ta durƙusa ta damƙi ƙasar ta murza.

"Malam, wannan ƙasar ba ta son a taɓa ta," ta ce. "Ka bar ta ta rufe jikinta tukuna."

Haka suka fara. Sukan saki karsanar su bi ta a baya suna kallon ciyawar da take fara kai wa baki da wadda take tsallakewa. Wadda take so, in ta yi 'ya'ya a ƙarshen damina, sai su bi gefen hanyoyi da tsohon buhu suna zage irin da hannu, su ajiye, su watsa da ruwan farko. Suka tsince duwatsun suka jera su a bakin kwazazzabai. Suka kewaye wurin da shinge, suka yanka shi gida-gida da waya, yau shanu su ci nan, in sun aske shi a mai da su gaba, a bi kashinsu da manjagara a baza. Abin da ya yi yawa su yanke da lauje su shanya, su tara a ƙarƙashin rumfar kwano don rani. Kafin yaransu biyu su yi wayo, gangaren da aka ba shi don a rabu da shi ya zama kore shar, in ka taka sai ka ji laushi a ƙarƙashin ƙafa. Karsana ɗaya ta zama garke. Kullum da safe mai babur ɗin karɓar madara yana tsayawa a ƙofarsu kafin ya tsaya a ta kowa, har mutanen gari suka koma kiran matar Mai Madara. Shi dai Innar yara yake ce mata. Da wannan madarar babban ya yi karatu har ya zama ma'aikacin asibiti a birni, da ita aka yi wa ƙaramar kayan ɗaki.

Duk wani mai hankali zai ce mutumin nan ya gode wa Allah ya miƙe ƙafa. Ya gode kam, amma ƙafar ba ta miƙu ba. Ko rumbu ba shi da shi. In kaka ta yi, motoci da amalanke suna wucewa ta ƙofarsa da buhuna, shi kuwa sai ya shige rumfar shanu ya ƙirƙiri aikin da babu. In ƙungiyar manoma ta kira taro yakan je ya zauna a baya, a yi ta lissafin masu masara da masu alkama da masu wake, a tashi ba a zo kansa ba. Wani lokaci ya taɓa ɗaga hannu zai yi magana a kan shinge, shugaban taron ya ce masa cikin mutunci a bari a gama da manoma tukuna. Mutuncin ya fi ba'ar Yaya ciwo. Bai taɓa gaya wa Innar yara ba, don ya san abin da za ta ce, kuma ya san tana da gaskiya.

Sai shekarar da hatsi ya yi tsada a ƙasa duka. Aka fara ji a rediyo cewa abin da ake nomawa bai isa ci ba, ana shigo da shi daga waje, kuma gwamnati ta ce za ta tallafa wa duk wanda ya mai da makiyayarsa ko gonar da ya bari ta huta ta zama gonar hatsi. Za a ba da iri da takin zamani, tarakta ta yi huɗa kyauta, a kuma ƙara da wani abu a kan kowace kadada da aka juya. Malamin gona ya zo bakin injin niƙa da babur ɗinsa ya yi bayani. Saurayi ne mai natsuwa, bai yi wa kowa daɗin baki ba. Da ya ga Mai Ciyawa a tsaye a bayan mutane da hannu a baya, shi ya fara yi masa magana.

"Baba, kai ma shirin ya shafe ka. Naka ma ya fi shiga, tunda makiyaya ce. Sai dai ni shawarata, ka ba da saman nan da ya ɗan kwanta, ka bar wa shanu gangaren."

"Kai, malam, rabu da shi," in ji Yaya daga kan benci. "Wannan in ya ga garma zazzaɓi yake yi. Ka ba shi kunya biyu ya gwada, kada ka kashe mana shi."

Aka yi dariya kamar kullum. Mai Ciyawa ya cire tsinken da ke bakinsa ya yar.

"Duka," ya ce.

"Duka, Baba? Har bakin rafi?"

"Har bakin rafi."

Malamin gona ya dube shi, ya ce ya je ya yi shawara da mutanen gida, babu gaggawa. Mai Ciyawa ya ce ya riga ya yi. Ƙarya ce, kuma a rayuwarsa bai saba yin ta ba, shi ya sa ta fito da ƙarfi haka. A lokacin Innar yara ba ta ma gari. Ƙaramar ta haihu a garin mijinta, ta tafi ta zauna da ita, ta bar masa shanun da umarni kala-kala. Kullum da yamma sukan yi waya. Ta tambayi saniyar da take ɗingishi, ta tambayi maraƙin da ba ya son tsotso, ya ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ya buɗe baki zai faɗa mata, sai ya ji jaririn yana kuka a bayanta, ya ce a ransa ba yau ba.

Ranar da tarakta ta zo, ya ɗaure shanun a turke a bayan gida, ya kwance wayoyin da suka raba makiyayar ya naɗe. Direban ya bi gangaren a gicciye kamar yadda malamin gona ya ce, don kada ruwa ya sami hanya. Da garmar ta shiga ta juyo ƙasar, sai da kowa ya matso ya gani. Baƙa ce wuluk, cike da saiwa da tana, tana ƙamshi, balbelu suna bin ta a baya suna tsince-tsince. Manoman da suka zo kallo suka riƙa ɗiba suna murzawa suna girgiza kai. Kafin la'asar babu sauran kore, sai kunyoyi a jere tun daga shingen sama har rafi.

"To, jama'a ku shaida," in ji Yaya, ya dafa kafaɗarsa. "Yau ƙanena ya yi kunya. Har ta fi tawa yawa."

A faɗi gaskiya, ya ji daɗi. Daɗin da bai taɓa ji ba ko ranar da aka haifa masa ɗan fari. Ya tsaya a cikin mutane yana ta murmushi kamar ango, ana ba shi hannu, ana kiransa manomi.

Bayan an yi shuka har ta tsiro, Innar yara ta dawo. Motar haya ta sauke ta a bakin titi, ta biyo ta hanyar baya da jakarta a ka, don takan fara duba shanu kafin ta shiga ɗaki. Yana tsugune yana gyaran shinge ya hango ta. Ta tsaya cak. Ta sauke jakar a ƙasa, ta dubi sama ta dubi ƙasa har rafi, kamar wadda ta ɓata hanya ta shigo gonar wani. Ya taso yana kakkaɓe hannu, ya fara zuba bayanin da ya yi makonni yana shiryawa, na iri da taki da tallafi da yadda ƙasa take bukatar abinci. Ta bar shi ya kai aya.

"Shanun fa, Malam? Me za su ci?"

"Ai in an yi girbi ga kara nan, har sai sun ture."

"Kafin girbin fa?"

Ya ce akwai busasshiyar ciyawa a rumfa. Ta ce ta sani, ita ta jera ta. Ta ɗauki jakarta ta wuce. Da ta yi faɗa, da ta yi kuka, da ya sami abin riƙewa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shiga ta canza zani, ta fito da bokitin tatsa.

Busasshiyar ba ta kai ko'ina ba, don dama ragowar rani ce. Shanun da suka saba yawo suka koma tsayuwa a turke suna kuka suna kallon shinge. Wata safiya bayan tatsa ta ɗauko lauje da igiya da gammo ta fita. Da farko a nan kusa take yankowa, gefen hanya da bakin rafi. Amma shekarar kowa ya faɗaɗa gonarsa har bakin kwalta saboda tallafin, kuma kowa yana feshin maganin ciyawa, sai ta kusa ta zama ko ta ƙone ko ba a yarda a ba dabba ba. Ta riƙa ƙara nisa. Sawu biyu take yi a rana, wani lokaci uku, ta dawo da dami wanda ya fi ta girma, ba a ganin komai nata sai ƙafafu. Duk da haka madara ta ja baya, mai babur ya fara wuce ƙofarsu ya tsaya a gaba. Ta fitar da shanu biyu daga garken ta sayar, ba ta yi shawara da shi ba, shi kuma bai ga bakin tambaya ba.

Kada a ce bai taɓa bin ta ba. Ya bi ta sau ɗaya, da nasa laujen, kuma ya fi ta iya yanka. Suna cikin yi a gefen titi sai ga shugaban ƙungiyar manoma a kan babur, ya rage gudu yana ɗaga hannu. Mai Ciyawa bai san lokacin da ya miƙe ya mai da laujen bayansa ba, ya tsaya kamar mai shan iska. Da babur ɗin ya wuce ya waiwayo, ita tana sunkuye tana ta yankanta. Washegari da ta gama tatsa ba ta kira shi ba, shi ma bai ce a jira shi ba. Ya gaya wa kansa cewa gona tana bukatarsa, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce gaskiyar ba.

Masara kuwa ta yi abin da ba a taɓa gani ba a garin. Takin shanu na shekara da shekaru yana kwance a ƙasar yana jira. Masarar ta fi Mai Ciyawa tsayi, shi da yake dogo, ganyenta har baƙi-baƙi yake, kowace da goyo biyu. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa suna kallo. Malamin gona ya kawo abokan aikinsa, suka kawo na gaba da su, aka ɗauki hoto. Malamin gonan ya ja shi gefe ya gaya masa cewa wannan ƙarfin na bana ne da baɗi, in ba a kula ba gangaren zai koma yadda yake da. Ya ji, amma kunnensa yana wajen masu yabo. Ya ɗinka farar riga da sabuwar hula saboda baƙi. Yanzu in ya je injin niƙa matsa masa ake yi a kan benci, Yaya ma ya koma cewa ai noma a jininsu yake.

Dab da girbi aka shirya babban taron manoma a birni, aka ce shi zai yi magana a madadin waɗanda suka juya makiyayarsu. Daraktan ma'aikatar gona da kansa ya biyo ya ga gonar da safe, ya ce su tafi tare a motarsa. Dattijo ne mai fara'a, ya sa shi a baya kusa da shi, malamin gona yana gaba kusa da direba. Mai Ciyawa bai taɓa shiga irin wannan motar ba. Sanyi yana busowa, kujera tana nutsewa da shi, kansa yana taɓa rufi sai da ya ɗan karkata shi. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo.

Sun yi nisa da gari, sun wuce gada, inda kwalta ta fashe ruwa ya taru, direba ya rage gudu kamar mai tafiya a ƙasa. A nan ya hango damin ciyawa yana tahowa a gefen hanya. Tun kafin ya ga zanin ya gane tafiyar. Ciyawar jiƙaƙƙiya ce, ruwanta yana bin wuyanta yana sauka, zaninta ya manne da taɓo har gwiwa, silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu ta tsinke. Bai taɓa sanin har nan take zuwa ba. Daidai lokacin da motar ta zo kusa, ta juya ta fuskanci daji, ta ba hanya baya, damin ya rufe ta.

"Allah sarki," in ji Darakta, ya matso jikin gilashi. "Dubi baiwar Allah nan, da girmanta. Ba ta da kowa ne? Malam, 'yar garinku ce? Ka san ta?"

Malamin gona ya san ta sarai, ya sha madararta ba sau ɗaya ba. Bai waiwayo ba, amma Mai Ciyawa ya ga idonsa a madubi.

"Eh, ranka ya daɗe," ya ce. "Ta nan wajenmu ce."

"Ko mu tsaya a sa mata kayan a baya, direba ya juya ya rage mata hanya? Muna da lokaci."

"A'a, ranka ya daɗe, kada a wahalar da kai. Ta kusa gida."

Darakta ya gyaɗa kai ya koma ya jingina, ya ci gaba da maganar irin da za a raba baɗi. Motar ta fita daga ruwan ta ɗauki gudu. Malamin gona ya kai hannu ya karkatar da madubin. Kunya ta rufe Mai Ciyawa tun daga kai har tafin ƙafa, gumi ya keto masa a cikin wannan sanyin, ya ji ƙyamar kansa da rigar da ke jikinsa. Kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta muni, wanda ya gane shi sarai. Sauƙi ya ji da ta juya baya, yana ta gode wa Allah a ransa da ba ta gan shi ba.

Bai san abin da ya faɗa a taron ba. An ba shi abin magana ya riƙe da hannu biyu, ya ce ƙasa tana bukatar abinci, ya ce ya gode, aka tafa. Aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi da sabon injin feshi na goyo, aka sa shi ya tsaya a tsakiya aka yi hoto. Da aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Malamin gona ya yini yana kai da kawowa, ya yi masa duk abin da ya kamata cikin ladabi, amma bai ƙara haɗa ido da shi ba. Da za su dawo a motar ƙungiya, ya roƙi a sauke shi a mararraba. Ya goya injin feshin a baya, ya rungume gilashin, ya taka sauran hanyar a ƙasa, yana shirya magana yana rushewa.

Rana ta yi sanyi ya iso. Ya same ta a rumfar shanu, zaune a kan kututture tana sara ciyawa da adda a kan katako, tana turawa a kwami. Ta wanke ƙafafunta amma taɓon bai fita daga faratan ba. Silifar tana gefe, ta ɗinke ta da waya. Da ta gan shi ta ajiye addar, ta ɗebo masa ruwa a kofi, ta karɓi gilashin ta goge hannunta a zani kafin ta taɓa shi. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce ya yi kyau, a rataye shi inda yara za su gani in sun zo. Ta tambaye shi ko an cika, ko ya iya magana bai yi rawar murya ba. Ya ce an cika.

Ya tsaya da kofin a hannu. Ya ce, "Da safe ta hanyar gada muka bi."

"Ai na gan ku," ta ce, ta koma kan kututturen ta ɗauki addar. "Tun daga nesa na gane ka. Wa yake zama a mota da kai a karkace in ba kai ba?"

Ya matso kusa da ita.

"Kin gan mu?"

"Shi ya sa na juya. Na ce ga ka da manyan mutane, ga ni kamar an tono ni daga rami. In suka ga mun haɗa ido za su tambaye ka, kai kuma ba ka iya ƙarya ba, ka faɗa musu ranarka ta ɓaci a banza. Na tsaya ina ta addu'a motar nan ta wuce." Ta sara sau biyu, sannan ta ɗago ta dube shi, da damuwa ta gaske a fuskarta. "Ba su dai tambaye ka ba ko, Malam?"

Jar saniyar da ke kusa ta miƙo wuya ta ja ciyawa daga kwamin. Ya dubi ruwan da ke cikin kofin. Ga dama ta zo har gabansa, ita da kanta ta miƙo masa, kuma ya san ba za ta sake zuwa da sauƙi haka ba.

"A'a," ya ce. "Ba su tambaya ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi.

"To madalla. Wallahi yini na yi abin yana raina." Ta jawo wani rungumen ciyawar ta ɗora a katako. "Matsa can, kada kashin shanu ya ɓata maka rigar."

Ya matsa.